Ƙashin Kuncin Ɗan Fari

Ni da ban san akwai ƙashi na daban a kunci ba. Na dai san in ka danna ƙarƙashin ido za ka ji tauri, amma a tunanina kai abu guda ne kamar ƙwarya, in ya fashe ya fashe. Ashe guntu-guntu ne Allah ya harhaɗa, har wani guntun zai iya zamewa ya faɗa ciki ya bar 'yan'uwansa a tsaye. Sai da abin ya samu ɗana na fari na sani.

To, kafin in shiga labarin sai na faɗi yadda muke da shi, in ba haka ba za a ce ba ni da imani. Mahaifiyata daga Fulanin wajen Bunkure take, kuma ita ta koya mini kunyar ɗan fari, irin mai ƙarfin nan. Ba na kiran sunansa. Ba na kallon fuskarsa. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ya ji ƙannen babansa suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. Har yau da yake da 'ya'ya Yaya yake ce mini. Gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakanin sashena da nasa. In ina da magana sai in ce wa matarsa, “Ki gaya wa mai ɗakin naki kaza.” In kuwa ba ta kusa, sai in faɗi maganar ina kallon turmi ko akuya, shi ma ya ba da amsa yana kallon ƙasa. Haka muka yi shekaru, kuma ba mu taɓa saɓawa ba. Da kunne na san shi: takunsa, gyaran muryarsa a zaure, yadda yake jingine fartanya.

Rani ne, tumatir ya nuna. Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da wannan ke nufi. Daga bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, har inda ido ya tsaya ja ne, ba mai zama sai mu tsofaffi. Rannan ɗan nawa ya gama loda kwanduna a amalanke, ya sunkuya zai ƙara ɗaure igiyar karkiya a wuyan san da ke jan amalanken. Sa ne kuwa mai haƙuri, ko yara suna jan sa. Ƙuda ne ya dame shi, ya kaɗa kai, gindin ƙahon ya samu yaron nan a kuncin dama.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa tare da maƙwabtana mata biyu na ji babur ɗin ƙaninsa ya tsaya, ba a lokacin da ya saba tsayawa ba. Da wutsiyar ido na ga an shigo da shi, ya dafe fuska da hula, jini na ɗiga ta hanci guda. Amma ban tashi ba. Uwar da ta ruga wajen ɗan fari a gaban mutane, sai ta tsufa ana ba da labarinta a gidan biki. Na ci gaba da tsintar tsakuwa na ce, “Me kuma ya samu mutane?”

Ƙanin ya ce, “Inna, sa ne ya gaishe shi.” Shi wannan ba na kunyarsa, kuma bakinsa ba ya shiru.

Matarsa a lokacin tana jego, ba ta yi arba'in ba. Duk da haka ita ta dinga gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi, ta shafa man zafi, aka sayo ƙwayoyi a kemis. Fuskar ta kumbura, idon ya rufe, kewayensa ya yi baƙi kamar ɗinya. Duk wannan a bakinta nake ji, don kullum da safe in na shiga duba jaririya sai ta ba ni labari.

Abu na farko da ya ɗaure mana kai shi ne alwala. Ta ce, “Inna, kin san wani abu? Duk sanda ya shaƙi ruwa ya fyace, sai fatar idon ta tashi kamar fanke a cikin mai. In na taɓa sai in ji ƙaras-ƙaras, kamar ana murza busasshen ganyen kuka.”

Na ce, “Ke dai! Hanci daban, ido daban, ta ina iska za ta bi?”

Ta ce wallahi da idonta ta gani, ba sau ɗaya ba. Na yini ina juya abin a raina. Har na toshe hancina na gwada hurawa a hankali in ji ko nawa idon zai motsa.

Da kumburin ya fara saɓewa kowa ya ce an samu sauƙi, ya koma gona. Ni ce kawai ban yarda ba, saboda abin da nake ji ta bayan katanga. Mutumin da ke gama kwanon tuwo kafin in gama ɗaura ɗankwali, yanzu sai in ji an daɗe ana abu ɗaya. Cokali na bugun haƙori. Maganarsa ta koma kamar ta wanda ya riƙe allura a baki. Abin da ya fi damuna hamma ce. Shi mai doguwar hamma ne, har da salati a ƙarshe. Yanzu da ya fara sai ta yanke a tsakiya, in ji ya ce “ash.”

Na tambayi matar. Ta ce bakin ba ya buɗuwa sosai, loma sai ya lanƙwasa ta ya tura ta gefe. Ta ce kuma in ya sha kunu yana zuba ta leɓen sama bai sani ba, sai ta ce masa ya goge. Wai leɓen da gefen hanci da haƙoran sama na wannan ɓangaren duk kamar ba nasa ba.

Na sa aka kirawo maɗorin unguwarmu, tsoho ne da ya ɗora ƙafafu da hannuwa ba iyaka. Ya shiga ya daɗe yana lalube, sannan ya fito ya tsuguna a ƙofar ɗakina. Ya ce, “Hajiya, akwai karaya, na ji ta a ƙarƙashin ido. Amma ni aikina in ja, in daidaita, in ɗaura kara. Wannan ta ina zan kama in ja? A ina zan ɗaura karan, a kunne? Ku tafi asibiti.” A asibitin kusa da mu ma dubawa kawai suka yi, suka ce sai birni, wajen likitocin fuska da muƙamuƙi. Ban taɓa sanin fuska ma tana da nata likitocin ba.

Mahaifinsa ya rasu, kakar da ta rene shi ta rasu, matarsa ba ta fita. Ni kuwa mutum ce mai son gida, in na leƙa Kura sau ɗaya a shekara na yi yawo. Amma ba yadda zan yi, na ɗauki mayafi. Muka shiga mota mu uku, ƙanin a tsakiya.

Likitar mace ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta zaunar da shi a wata kujera mai kwantawa. Ta sa ya bi yatsanta da ido, sama, ƙasa, dama, hagu, tana tambaya ko yana ganin yatsa biyu. Ya ce ɗaya yake gani. Ta ce alhamdu lillahi, don wani in ƙashin ya karye sai naman da ke juya ido ya maƙale a tsagar, ya dinga ganin komai biyu. Ta shafa masa auduga a kunci nan da can, na hagu ya ji, na dama bai ji ba. Ta ce ya buɗe baki ya sa yatsunsa a jere a tsaye. Na lafiyayye uku ke shiga, nasa ɗaya ne ya shiga da ƙyar. Ni dai ina gefe ina kallon takalmana, kunnena na wajensu.

Sai na ji ta ce, “Mama, ke ce mahaifiyarsa?”

Ƙanin ya yi caraf ya ce, “Ita ce, amma ba ta sani ba.”

Na ce, “Rufe mana baki, marar kunya.”

Ta yi dariya, da alama ta gane. Ta ce, “Ɗan fari ne ke nan. To Mama, yau dai sai kin yi haƙuri. Zo ki tsaya nan bayan kansa, ki gaya mini ko da ma haka fuskarsa take. Wasu tun haihuwa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu.”

Na tsaya ina gyara mayafi. Ta kwantar da kujerar, ta ce ya rufe ido. Wannan rufe idon shi ya taimake ni. Na zagaya na tsaya ta saman kansa, na leƙa ƙasa.

Rabona da in ƙare wa fuskar nan kallo tun yana shan nono. Abin da na fara gani ma ba ciwon ba ne, furfura ce a gemunsa, ƙwaya-ƙwaya. Na ce a raina, yaushe? Sannan goshin babansa sak. Likitar ta ɗora yatsa ɗaya a kan kowane kunci ta ce in duba tsayinsu. Na hagu yana sama, na dama ya nutse, kamar kwanon silba da aka taka. Daga gaba ba ka gani sosai, amma daga sama ko makaho ya shafa zai sani.

Na ce, “A'a. Ba haka na haife shi ba.”

Ta kama yatsana ta bi da shi ta bakin ramin idon, a ƙasa. Yana tafiya sumul, sai na ji ya faɗa, kamar ka sauka daga dakali. Ta ce nan ne ɗaya daga wuraren da ya rabu.

Aka tura mu hoto. Wata na'ura ce kamar bakin rijiya da aka jingine a tsaye, a kwantar da mutum a tura kansa ciki, suna ce mata sikanin. Da muka dawo ta nuna mana a kwamfuta, ga ƙoƙon kansa ba fata ba nama, tana juya shi da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ƙanin ya ce, “A'uzu billahi, Yaya, ashe haka kake da muni a ciki.” Ni kuwa na matsa kusa, don na ga abin da ban taɓa gani ba.

Tambayoyi na dinga yi, ita kuma ba ta gaji ba. Ta ɗauko wani ƙoƙon kai na roba ta nuna mini. Ƙashin kunci kamar kujerar tsuguno ne mai ƙafa huɗu: ƙafa ɗaya ta hau wajen ƙarshen gira, ɗaya ta bi ƙarƙashin ido, ɗaya ta sauka saman haƙora, ɗaya ta miƙe wajen kunne ta yi baka kamar hannun buta. Ta ƙarƙashin wannan bakan wani reshe na muƙamuƙi yake wucewa in za a buɗe baki. To kujerar ta karye ta faɗa ciki, ta tare hanya, shi ya sa bakin ya ƙi buɗuwa.

Na ce, “To leɓen fa da ya mutu?”

Ta nuna mini wata 'yar huda a ƙarƙashin ramin ido, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ta ce jijiyar da ke kai ji ga leɓe da gefen hanci da haƙoran sama ta nan take fitowa, karayar ta matse ta.

Na ce, “Saura iska. Ta ina take zuwa ido in ya fyace?”

Ta ajiye ƙoƙon ta dube shi. “Kana fyacewa?”

Ya ce, “Alwala ce, likita.”

Ta ce a gefen hanci akwai wani ɗaki da ba komai cikinsa sai iska, bangonsa siriri kamar ɓawon ƙwai, rufinsa kuma shi ne daɓen ramin ido. Bangon ya tsage, don haka in ya fyace iskar sai ta bi tsagar ta shiga ƙarƙashin fata, kuma tana iya tafiya da dattin hanci ta haifar da ciwo a bayan ido. Ta ce daga yau ya daina, ya shafa ruwan a bakin hanci kawai, ya tambayi malamai, lalura ce. Gashin ruwan zafin da ake yi ma a bari, danna shi ake ƙara yi.

Sannan ta zo kan maganar aiki. Za a sa shi barci, a shiga ta cikin baki a ɗago ƙashin, a riƙe shi da ɗan ƙarfe. Ta ce kumburi ya sauka, yanzu ne daidai, kuma kada a wuce 'yan kwanakin nan.

Ya ce, “Likita, sai dai bayan tumatir.”

Ta ce, “Yaushe ke nan?”

Ya ce wata guda, ko wata da ɗoriya.

Ta girgiza kai. Ta ce ƙashi tun ranar da ya karye yake fara ɗinke kansa, kuma a inda ya samu kansa yake ɗinkewa, ba ruwansa da daidai ne ko karkace. Yanzu kamar ɗanyen gini ne, ana turawa zai koma. In ya bushe a haka, sai dai a sake yanka ƙashin da gangan, aiki ya zama babba, kuma ba lallai bakin ya koma yadda yake ba. Ya yi godiya, ya sa hularsa, muka fito.

Muka kama hanyar gida. Ni lissafin da nake yi daban: mutum bai kai arba'in da biyar ba, a ce sauran rayuwarsa da gefen baki zai ci tuwo.

Ba taurin kai ne kawai ba, na san abin da ke ransa. Tumatir in ya nuna yau, gobe ya yi laushi, jibi sai a zubar. Noman shekara ke nan, da shi ake sayen takin damina. Kuma bai yarda da ƙaninsa a gaban dillalai ba, ya ce da sun yi masa dariya biyu zai sallama.

Na fara ta hanyar da na saba. Na aiki matarsa. Ta dawo ta ce ya ce ya ji. Na aiki ƙanin, suka yi faɗa. Da yamma ya shigo sashena zai ɗauki igiya, na dubi akuyata na ce, “Ke dai kin huta. Da ke ce bakinki ya ƙi buɗuwa, da tuni an kai ki wajen mai magani, ba a jira kaka ba.”

Ya tsaya yana naɗe igiyar, ya ce da ƙasa, “Akuya ba ta da kwando ɗari a gona.” Ya fita.

Ka ji amfanin magana da akuya ke nan, kuma ka ji illarta. Ba wanda ya yi wa wani rashin kunya, amma ba wanda aka ba umarni. Duk shekarun nan ban taɓa ce masa yi ko bari ba, kakarsa ce mai wannan, bayanta babansa. Yanzu duk sun tafi sun bar ni da shi.

Washegari da hantsi na ɗauki mayafi na ce wa ƙanin ya kai ni gona. Ya ce, “Wace gonar?” don tun rasuwar babansu ban taka ba. Muka bi gefen kanal, ruwa na gudu, injinan ban-ruwa na ta tatata, ƙamshin ganyen tumatir ya cika hanci. Mata masu tsinka suka ɗago suna kallona, wata ta ce, “Lafiya, Hajiya? Yau rana ta ina ta fito?” Na amsa gaisuwa ban tsaya ba.

Yana bakin amalanke, ya ɗago kwando zai ɗora a kafaɗa, a kafaɗar dama kuwa, gefen kwandon na gogar kuncin. Ina ganin haka kunyar ta fita daga kaina. Na tsaya a gabansa na dube shi ido cikin ido.

Na ce, “Kai. Sauke kwandon nan.”

Ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake. Sannan ya sauke.

Na ce, “Da kai nake. Gobe za ka koma asibiti a gyara maka fuska. Ni na ce.”

“Yaya, tumatir ɗin nan...”

“Na gan shi. Ja ne. Baɗi ma ja zai yi.”

“Wannan yaron ba zai iya da dillalai ba.”

Ƙanin ya ce, “Yaro? 'Ya'yana uku fa.”

Na ce, “In ya sayar da arha, ni aka cuta, na yafe. Kai dai ban yafe ba in ka bar bakin nan ya bushe a haka.”

Masu tsinka kowa ta sunkuya kamar tana aiki, hannu ba ya motsi. Na san kafin azahar labarin ya zaga gari. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza ganye a yatsa. Can ya ce, “To, Yaya.” Na juya muka hau babur. A hanya ƙanin ya ce, “Inna, ashe kin iya.” Na ce ya kalli gabansa kada ya zuba mu a kanal.

Ni na yi jinyarsa, tunda ƙanin na gona. Aka hana shi ci da sha tun daren, da safe aka tura shi a gado mai taya. Na zauna a benci tare da wata mata daga Madobi da aka yi wa mijinta aikin muƙamuƙi, muka yi ta hira kamar mun shekara da sanin juna. Ita ta ce mini nata mijin ta gefen kai aka shiga, cikin gashi sama da kunne, aka zura ƙarfe aka ɗago wani ƙashin. Na ce ikon Allah, kowa da ƙofarsa.

Da aka fito da shi na zaci zan ga fuska a naɗe da bandeji. Ba komai sai 'yar filasta a ƙarshen gira, da wani zane da aka yi masa da alƙalami a kunci don kada wani ya manta ya danna. Da likitar ta zo zagaye na tare ta, na ce sai ta gaya mini yadda aka yi. Ta ce ta ɗaga leɓen sama ta yanka can saman dasashi, inda ba mai gani. Ta zura wani ƙarfe mai faɗin baki ta bayan ƙashin, ta ɗaga, ɗaya hannun yana kan kuncin yana jin tafiyarsa.

Na ce, “Yana ƙara?”

Ta ce, “Yana yi. Ƙas, kamar an rufe murfin kwano da ya dace da shi.”

Na so a ce ina wurin na ji. Ta ce da ya koma sai ya ƙi zama da kansa, shi ya sa ta ɗaure shi a wuri biyu, a gira da saman haƙora. Ta ciro irin ƙarfen daga aljihu ta ɗora mini a tafin hannu. Ɗan siriri ne mai huda-huda, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ba nauyi ko kaɗan, kusoshinsa masu murɗi kamar ƙwayar shinkafa. Na tambaya ko zai yi tsatsa in yana shan ruwa, ta ce ba irin mai tsatsa ba ne. Na tambaya ko za a cire, ta ce in bai dame shi ba nan zai zauna. Leɓen kuwa ta ce jijiya ba ta gaggawa, sai a hankali, wata da watanni, wani ma ba ya dawowa duka. Nas ta yi ta zuwa tana haska masa ido da tocila tana tambaya ko yana gani. Kafin a sallame mu yatsu biyu sun shiga bakin, na ukun ya biyo baya da muka koma a duba shi.

Tumatir kuwa, wani ya tafi kasuwa, wani ya ruɓe, wani muka yanka muka shanya. Har yanzu in an taɓo zancen sai sun yi musu shi da ƙaninsa.

Dokokin da aka ba mu su ne kunu da fate da tuwo mai laushi, ba fyace hanci, ba ɗaukar kaya, kuma kada ya kwanta a kan ɓangaren. Wannan ta ƙarshen ita ta ba mu wuya. Mutumin da tun yana yaro aka koya masa kwanciya a kan dama, ko ya fara da hagu, barci na ɗaukarsa sai ya mirgina. Da dare matarsa ke tare shi da matashi. Da rana kuwa tana fama da jaririya da girki, shi kuma zaman gida ya sa shi barcin azahar a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Sai aikin ya faɗo kaina. In ɗauko kujera da mafici in zauna ta damansa, da ya fara juyowa in tokare kafaɗar da bakin maficin, ya koma.

Wata rana na tokare shi sai ya buɗe ido. Na yi sauri zan mayar da kallona kan akuya, sai na ga ba ta nan, an kai ta kiwo. Kuma akwai tambayar da ta daɗe tana cina, na manta ban yi wa likitar ba.

Na ce, “Wai in rana ta yi zafi, ƙarfen yana ɗaukar zafi?”

Ya ɗan taɓa girar da yatsa yana ji. Ya ce, “A'a. Amma da asuba in na sa ruwan randa, nan wurin yana riga ko'ina jin sanyi.”

Na ce, “To a dinga ɗumama maka.”

Ya ce, “To, Yaya.” Ya gyara kwanciya a kan hagu, ya koma barcinsa.